Awon Alƙalamin Ɗalibi: Yadda Ake Tantance Ingancin Rubutu a Sassan Tattalin Arziki na Jami'o'i

Ilimin tattalin arziki da lissafi da zane ake koyar da shi, amma da rubutu ake cin abinci da shi. Ɗalibi zai shafe shekara uku ko huɗu a jami'a yana zana layin buƙata da na wadatar kaya, yana warware lissafin riba da na kuɗin ruwa, yana sarrafa alƙaluma a kwamfuta. Ranar da ya kama aiki a banki ko ma'aikatar kuɗi ko hukumar ƙididdiga, abin da za a fi nema a wurinsa shi ne takarda mai shafi ɗaya ko biyu, wadda shugaba zai karanta cikin 'yan mintoci ya gane halin da ake ciki, ya yanke shawara. Tazarar da ke tsakanin abin da ake jarraba ɗalibi a kai da abin da zai yi bayan ya fita ita ta sa tantance rubutu ya zama batu mai zaman kansa a sassan tattalin arziki, musamman a Amurka da Birtaniya, inda aka fi bincike a kansa.

Masu ɗaukar aiki sun daɗe suna kokawa. A Birtaniya, cibiyar Economics Network da ke Jami'ar Bristol takan tuntuɓi ma'aikatun da ke ɗaukar waɗanda suka karanta fannin, kuma ƙorafin da ke yawan dawowa shi ne sun iya alƙaluma, amma bayyana tunaninsu ga wanda ba ɗan fanni ba yana ba su wahala. Matsalar ba ta tsaya ga sababbin hannu ba. A 2014 wani nazari na ma'aikatan Bankin Duniya ya nuna cewa kusan ɗaya cikin uku na rahotannin manufofi da bankin ya sanya a intanet ba a taɓa sauke su ba ko sau ɗaya. A 2017 kuma Paul Romer, babban masanin tattalin arzikin bankin a lokacin, ya sha fama da sashen bincike a kan dogayen jimloli da jera kalmomi barkatai.

An ma gwada tasirin rubutu a aikace. Jan Feld na Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, tare da abokan aikinsa biyu, sun karɓi maƙaloli 30 na ɗalibai masu neman digirin digirgir, suka ba ƙwararrun editoci su gyara rubutun kawai, ba tare da taɓa binciken ko sakamakonsa ba. Aka raba wa masana tattalin arziki, wasu na asali wasu gyararru, ba su san wacce ce wacce ba. Gyararrun ne suka fi samun daraja a idonsu, har suka fi nuna za su karɓe su a taron masana. An buga sakamakon a 2024. Bincike ɗaya ne, alƙaluma ɗaya, sai dai yadda aka rubuta shi ya sauya hukuncin ƙwararru a kansa.

Yadda rubutu ya koma gefe

Magabatan fannin ba su raba tunani da rubutu ba. A wata wasiƙa da Alfred Marshall na Jami'ar Cambridge ya aika wa Arthur Bowley a 1906, ya ba da shawarar a yi amfani da lissafi a matsayin gajeriyar hanya, sannan a mayar da abin da aka samu zuwa magana, a kawo masa misali daga rayuwa. In misalin ya ƙi samuwa, a watsar da maganar baki ɗaya. Ɗalibinsa John Maynard Keynes, a ta'aziyyar da ya rubuta masa a 1924, ya lissafa fahimtar alamomin lissafi da iya magana da kalmomi cikin sharuɗɗan zama gwani a fannin.

Bayan yaƙin duniya na biyu lissafi ya mamaye fannin, azuzuwa suka cika, jarrabawar canki-canka ta zama mafita ga malamin da ke da ɗalibai ɗaruruwa. Fitacciyar jarrabawar da ake auna fahimtar ɗaliban jami'a da ita a Amurka, wato TUCE, wadda aka soma a ƙarshen shekarun 1960, duk tambayoyinta na zaɓen amsa ne. William Becker da Michael Watts sun tambayi malaman tattalin arziki na Amurka a 1995, suka maimaita a 2000 da 2005, kuma kowane karo suka tarar cewa malami matsakaici yana cinye kusan kashi 83 cikin ɗari na lokacin aji wajen lakca. Ɗalibin da ya taso a wannan tsari yana iya kammala digiri bai taɓa rubuta shafi biyar a jere da tunaninsa ba.

Martanin ya zo ta fuska biyu a tsakiyar shekarun 1980. Deirdre McCloskey, a littafin The Rhetoric of Economics na 1985, ta nuna cewa masana tattalin arziki suna shawo kan juna ne da hujja da misali da salon magana, ba da lissafi kaɗai ba. Ta kuma rubuta ɗan littafin koyar da rubutu a fannin, wanda daga baya aka san shi da Economical Writing. A 1986 W. Lee Hansen na Jami'ar Wisconsin ya kawo tambayar da ta sauya akalar muhawarar: maimakon a ƙirga darussan da ɗalibi ya zauna, me zai iya yi da hannunsa ranar da ya gama? Ya zayyana ƙwarewa biyar: nemo ilimin da ake da shi, nuna an mallake shi, fassara shi, amfani da shi a kan sabuwar matsala, da ƙirƙiro sabo. A 2001 ya ƙara ta shida, wato sarrafa alƙaluma da fassara su. Kusan dukkansu ba sa bayyana sai an ba ɗalibi takarda an ce ya rubuta: ya taƙaita maƙala, ya bayyana jadawali, ya tsara takardar shawara.

Masu kare canki-canka suna da tasu hujjar. Wani nazari na William Walstad da Becker a 1994 ya nuna cewa makin ɓangaren zaɓe da na ɓangaren rubutu a jarrabawa guda suna tafiya tare ƙwarai, don haka wahalar duba rubutu ba ta ƙara wani bayani mai yawa. Hakan na iya zama gaskiya idan sanin darasi kawai ake son aunawa. Idan kuwa iya isar da sanin ga wani ne ake nema, babu yadda zagaye harafi zai nuna shi.

Abin da ake nema a cikin rubutun

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ingancin rubutu a matsayin tsabtar nahawu da ƙa'idojin rubutu. Waɗannan suna da muhimmanci, amma su ne mataki na ƙasa. A tattalin arziki rubutu mai kyau shi ne wanda mai karatu zai bi sarƙar tunanin marubuci daga mafari zuwa sakamako ba tare da ya cike wani giɓi da kansa ba.

Alƙaluman hauhawar farashi na Najeriya sun isa misali. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da kashi 34.80 cikin ɗari na watan Disamban 2024. Na Janairun 2025 kuma ya zo a 24.48, bayan hukumar ta mayar da shekarar da take kwatance da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sabunta kwandon kayayyakin da take bibiya. A ce an umarci ɗalibai su bayyana wa mai karatun jarida abin da ya faru cikin sakin layi biyu. Wani zai rubuta da Turanci mai santsi cewa farashin kaya ya sauka da kashi goma. Wani zai kwafo ma'anar ma'aunin farashi da yadda ake lissafa shi, ya cika shafi, bai taɓa tambayar ba. Na uku, wataƙila da 'yan kurakuran nahawu, zai ce farashi bai sauka ba, har yanzu tashi yake yi. Abin da adadin ke nunawa shi ne saurin tashin, kuma ba a kwatanta lambobin biyu kai tsaye, domin an sauya ma'aunin da kansa a tsakaninsu. Na ukun ne ya yi rubutu mai inganci. Duk tsarin tantancewar da zai ɗora na farkon a kansa bai auna abin da ya dace ba.

Daga irin wannan misali ake fitar da siffofin da masu tantancewa ke nema. Ta farko ita ce matsaya: mai karatu ya san tun daga layukan farko me marubuci yake son cewa. Sai cikar matakan hujja. Ɗalibin da ya rubuta cewa janye tallafin mai a watan Mayun 2023 ya tayar da farashin abinci ya faɗi mafari da ƙarshe ne kawai. Abin da ake son gani shi ne tsakiyar, wato tashin kuɗin mota, da yadda dillali ke ɗora shi a kan buhun hatsi, da gwargwadon abin da mai saye zai iya jurewa, da kuma sauran abubuwan da suka faru a lokaci guda, kamar faɗuwar darajar naira bayan sauya tsarin canji a watan Yuni na shekarar. Wannan na ƙarshen ne ke raba ɗalibin da ya koyi tunanin fannin da wanda ya haddace: ya san cewa tashin abu biyu tare ba ya tabbatar da ɗaya ne ya jawo ɗayan, kuma ya nuna hakan a zaɓen kalmominsa, bai ce “ya haifar” ba a inda hujjarsa ba ta wuce “yana da alaƙa” ba.

Akwai kuma bayyana zato. Kowane tsarin tunani a tattalin arziki yana tsaye ne a kan sharuɗɗan da aka ɗauka, kamar a ce sauran abubuwa ba su sauya ba, ko a ce masu sayarwa suna da yawa har babu mai iya juya farashi shi kaɗai. Rubutun da ya ɓoye sharuɗɗansa yana yaudarar mai karatu, ko da marubucin bai nufa ba. Haka nan ana duba ko ɗalibi ya raba bayanin abin da yake faruwa da ra'ayinsa kan abin da ya kamata a yi. Jadawali da zane su ma rubutu ne: a ba su suna, a faɗi ma'aunin da aka yi amfani da shi da inda aka samo alƙaluman, sannan a gaya wa mai karatu abin da zai lura da shi a ciki. Jadawalin da aka manna a tsakiyar shafi, babu jimla ko ɗaya da ta koma kansa, bai yi wa kowa amfani ba.

Duk waɗannan ba sa aunuwa sai an san wa ake rubuta wa. Bayanin da ya dace da malamin fanni ya yi wa kwamishina nauyi, wanda ya dace da kwamishina kuma ya yi wa mujallar masana sauƙi. Saboda haka ingancin tantancewa yana farawa daga ingancin tambaya. Umarnin da ya ce “tattauna hauhawar farashi” gayyata ce ga zuba duk abin da aka haddace. Wanda ya ce a rubuta wa shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa shafi ɗaya kan abin da ƙarin kuɗin ruwa na babban banki zai jawo wa masu neman rance ya ba ɗalibi mai karatu, da manufa, da iyaka, ya kuma ba mai dubawa abin da zai riƙe.

Matsalar mai dubawa

Ko an yarda da abin da ake nema, sauran wanda zai duba. Tun a 1912 Daniel Starch da Edward Elliott suka aika takardun Turanci biyu na ɗaliban sakandare ga malamai 142 a Amurka; ɗaya daga cikin takardun ta samu maki daga 50 har zuwa 97 cikin ɗari. Binciken da ya fi shahara shi ne na Paul Diederich da abokan aikinsa a 1961. Sun ba mutum 53 daga fannoni shida, ciki har da lauyoyi da 'yan kasuwa da editoci da malaman jami'a, insha'i 300 na sababbin ɗalibai, suka ce kowa ya jera su a matakai tara. Insha'i 101 sun samu kowane mataki daga na ɗaya har na tara, kuma babu ko ɗaya da ya samu ƙasa da matakai biyar mabambanta. Da aka bi diddigi sai aka ga masu dubawar ba sakaci suka yi ba, kowa da abin da ya fi ba nauyi: wasu tunani, wasu tsari, wasu zaɓen kalma, wasu ƙa'idojin rubutu, wasu armashin salo. Abin ya yi kama da kasuwar da kowane mai awo ya zo da nasa mudun.

Ban da wannan akwai abubuwan da ke jan hannun mai duba bai sani ba. Kyan rubutun hannu yana ƙara maki. Tsawon amsa yana ƙarawa. Takarda matsakaiciya da ta biyo bayan raunana uku takan yi kyau fiye da ƙimarta. Sunan ɗalibin da aka sani da ƙoƙari yana sa a yi wa kuskurensa uzuri, shi ya sa jami'o'i da yawa suke duba takardu da lamba ba da suna ba. Ga kuma gajiya: hukuncin da aka yanke wa takarda ta goma da safe ba lallai ya zama irin na ta ɗari da dare ba.

Ma'auni rubutacce da iyakarsa

Maganin da aka fi runguma shi ne rubutaccen ma'auni, wanda ke faɗin siffofin da za a duba da kamannin kowane mataki. Iri biyu ne. Akwai na dunƙule, inda mai duba ke karanta aikin ya ba shi maki guda bisa kwatancin da aka tanada. Yana da sauri, amma ba ya gaya wa ɗalibi inda rauninsa yake. Akwai na rarrabe, inda kowace siffa ke da makinta. Fitaccen misalinsa shi ne wanda Ƙungiyar Kwalejoji da Jami'o'in Amurka ta fitar a 2009 cikin jerin ma'aunanta na VALUE. Yana duba abubuwa biyar: fahimtar manufa da mai karatu, bunƙasa abin da ake faɗi, bin al'adar rubutu ta fannin, amfani da hujja da madogara, da iya sarrafa jimla da ƙa'idoji. Kowanne yana da matakai huɗu. An tsara shi ne domin kowane fanni, don haka sashen tattalin arziki da ya ɗauke shi sai ya ƙara nasa sharuɗɗan, irin su daidaiton amfani da ƙa'idar fanni da fassara alƙaluma.

Ma'auni a takarda ba ya daidaita masu duba shi kaɗai. Abin da ke daidaita su shi ne zama tare kafin a fara: a zaɓo 'yan takardu, kowa ya duba shi kaɗai, a kwatanta maki, a yi gardama a kan inda aka saɓa har a fahimci juna, sannan a ajiye waɗannan takardu su zama abin komawa. Daga nan sai mutum biyu su duba kowane aiki, in suka yi nisa da juna a kira na uku. Ana iya auna yawan dacewarsu da lissafi, kamar ma'aunin da Jacob Cohen ya fitar a 1960, wanda ke cire dacewar da sa'a kawai za ta iya kawowa. Masana tattalin arziki, da suka san illar gurɓatattun alƙaluma fiye da kowa, su ya fi kamata su damu da wannan mataki.

Ma'aunin rarrabe yana da masu suka. D. Royce Sadler na Ostareliya ya nuna cewa aiki na iya cika kowane sharaɗi ɗaya bayan ɗaya amma ya fita ba shi da rai, wani kuma ya gaza a sharaɗi biyu amma ya fi shi nesa ba kusa ba, saboda wata siffa da ba a rubuta a ma'aunin ba. Ɗalibai ma suna koyon rubutu don cike gurabe. Wannan ne ya farfaɗo da wata hanya da ta samo tushe daga aikin Louis Thurstone na 1927: a ajiye wa mai duba takardu biyu, ya faɗi wacce ta fi, a maimaita da masu duba da yawa, kwamfuta ta jera takardun daga hukunce-hukuncen. Mutum ya fi iya kwatanta abu biyu a kan yanka wa abu ɗaya maki. Rauninta shi ne tana ba da jeri, ba ta ba da dalili.

Makin ɗalibi daban, awon sashe daban

Ana yawan cakuɗa abubuwa biyu. Makin da malami ya ba ɗalibi hukunci ne a kan mutum ɗaya a darasi ɗaya, kuma yakan haɗa da halartar aji da ƙoƙari da sanin darasi. Awon sashe kuwa tambaya ce ta daban: shin ɗaliban da ke fita sun fi rubutu a kan yadda suka shigo? Don amsa ta ba a buƙatar duba kowa. Ana ɗibar samfuri daga 'yan shekarar farko da na ƙarshe, a cire sunaye da shekaru, a cakuɗa, a ba malaman da ba su koyar da darasin ba. Sai a yi hattara da abin da masana fannin suka sani sarai: raunanan ɗalibai sukan fice a hanya, don haka fifikon 'yan ajin ƙarshe yana iya zama na tacewa, ba na koyarwa ba. Bin ɗalibai guda daga shigarsu zuwa fitarsu ya fi ba da amsa mai ƙarfi.

Irin wannan awo ya taɓa girgiza Amurka. A littafinsu Academically Adrift na 2011, Richard Arum da Josipa Roksa sun bi ɗalibai sama da 2,300 a makarantu 24, suka ruwaito cewa kashi 45 cikin ɗari ba su nuna wani ci gaba na a zo a gani ba wajen tunani da rubutu a shekaru biyun farko, kuma rabinsu ba su yi ko darasi ɗaya da ya nemi rubutun sama da shafi 20 ba a zangon da ya gabata. An soki hanyar lissafinsu, amma batun ƙarancin rubutun ya zauna.

Rubutu a harshe na biyu

Ɗalibin tattalin arziki a Zariya ko Kano ko Sakkwato da Turanci yake rubutu, na Yamai ko Maraɗi da Faransanci, kuma ga mafi yawansu harshen makaranta ne, ba na gida ba. A Najeriya ana shiga fannin da kiredit a Turanci da lissafi, a ratsa jarrabawar JAMB wadda duk ta zaɓen amsa ce. A shekarar farko akwai darasin Turanci na bai-ɗaya, wanda ɗalibai daga sassa daban-daban ke cika ɗaki domin sa, kuma yana nan a sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a Disamban 2022. Bayan shi, rubutun da aka fi yi shi ne na ɗakin jarrabawa, wanda ke ɗauke da kashi 60 ko 70 na maki, ana rubuta shi cikin gaggawa, ba a kuma dawo wa ɗalibi da shi ya ga gyara.

Sai a shekarar ƙarshe a ce ya rubuta kundin bincike mai babi biyar. A nan raunin ke fitowa fili. Babi na biyu, na bitar ayyukan magabata, yakan zama jerin wane ya ce, wane ya ce, babu inda ɗalibi ya auna su ko ya nuna giɓin da zai cike. Babi na huɗu yakan cika da jadawalin da kwamfuta ta fitar, a maimaita lambobin da kalmomi ba a faɗi ma'anarsu ba. Babi na biyar kuma ya zo da shawarwari ga gwamnati waɗanda za a iya rubuta su tun kafin a fara binciken. Wannan ba matsalar Turanci ba ce, domin ɗalibin da Turanci ne harshen uwarsa ma yana faɗa wa irinta in ba a horar da shi ba.

Adalci ga irin wannan ɗalibi shi ne a bambance kuskuren da ke toshe ma'ana da wanda ba ya toshewa. Mantuwa da ƙaramar kalma ko saɓa lokacin aikatau ba daidai yake da jimlar da ba a san me ya jawo me a cikinta ba. Ma'aunin rarrabe yana da amfani na musamman a nan, domin yana hana nahawu cinye makin tunani, yana kuma hana santsin harshe rufe rashin hujja. Kare kundi da baki a gaban malamai da mai jarrabawa na waje wata dama ce ta gano ko ɗalibi ya fahimci abin da ya rubuta. Akwai kuma gwajin da sassan da ke ƙasar Hausa za su iya yi cikin sauƙi: a ce ɗalibi ya taƙaita sakamakonsa da Hausa cikin sakin layi ɗaya, kamar zai karanta shi a rediyo. Jimlar da aka haddace da Turanci ba ta tsallake wannan gwaji, kuma da yawa daga cikinsu manoma da 'yan kasuwa za su yi wa bayani idan sun fita.

Abin da na'ura ke iyawa

Tun 1948 Rudolf Flesch ya fitar da lissafin auna sauƙin karatu daga tsawon jimla da yawan gaɓoɓin kalma, kuma har yau ana amfani da irinsa, har wajen nazarin sanarwar manyan bankuna. Yana nuna nauyin rubutu, amma gajerun jimloli marasa ma'ana za su ci makinsa. Manhajojin gano satar fasaha irin su Turnitin kamanni suke ƙirgawa. Adadin da suke bayarwa ba hukunci ba ne, sai malami ya duba ya ga ko ambato ne na halal ko kwafe.

Fitowar ChatGPT, tsarin kwamfuta mai rubutu da kansa, a Nuwamban 2022 ta dagula lissafin gaba ɗaya. A 2023 Wayne Geerling da abokan aikinsa suka ba shi jarrabawar TUCE, ya zarce kashi 91 cikin ɗari na ɗalibai a ɓangaren ƙananan rukunan tattalin arziki, da kashi 99 a ɓangaren tattalin arzikin ƙasa. Bryan Caplan na Jami'ar George Mason ya ba shi jarrabawar rubutu ta ajinsa a farkon shekarar, ya samu D. Bayan 'yan watanni sabon samfurin ya samu A. Manhajojin da ke iƙirarin gano rubutun na'ura ba abin dogaro ba ne: kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya janye tasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskure, wani nazari a Jami'ar Stanford kuma ya nuna irin waɗannan manhajoji sun ɗauki fiye da rabin insha'in waɗanda Turanci ba harshensu na farko ba a matsayin na na'ura. Hukunta ɗalibin Afirka da irin wannan shaida zalunci ne. Hanyar da ta fi aminci ita ce a riƙa duba yadda aikin ya girma: daftarin farko, gyare-gyare, alƙaluman da ɗalibi ya tattaro da kansa daga kasuwa ko ofis, ɗan rubutu a cikin aji, da tambayoyi na baki.

Gyara da kuɗinsa

Awon da bai koma ga ɗalibi ba bai ƙara masa komai ba. Jan biro a kan kowane layi yana kashe gwiwa, kuma ɗalibi yakan gyara waƙafi ya bar hujjar a karye. Ya fi amfani a nuna masa manyan matsaloli biyu ko uku, a fara da na tunani, a ba shi damar sake rubutawa kafin a yanke maki. Steven Greenlaw ya ruwaito a 2003 cewa ajin da ya yawaita ba su rubutu ya fi takwaransa ƙoƙari a jarrabawar ƙarshe, abin da ke nuna rubutun yana ƙarfafa sanin darasin ma.

Cikas ɗin shi ne lokaci. Malamin da ke da ɗalibai 300, in ya ba kowace takarda minti 15, ya kashe awa 75 a kan aiki guda. Saboda haka ake komawa ga gajerun ayyuka: taƙaita labarin jarida cikin kalmomi 150, fassara jadawali ɗaya, ko rubutun minti ɗaya a ƙarshen lakca kan abin da aka gane da abin da ya shige duhu, wanda John Chizmar da Anthony Ostrosky suka nuna amfaninsa a azuzuwan tattalin arziki a 1998. Ana kuma horar da ɗalibai su duba aikin juna da ma'aunin da malami zai yi amfani da shi, a raba musu misalan aiki mai kyau da matsakaici tun kafin su fara. Idan awon sashe ya nuna, alal misali, cewa 'yan ajin ƙarshe suna da rauni wajen fassara alƙaluma, sai a sanya aikin fassara jadawali a darasin ƙididdiga na shekara ta biyu, a ƙara takardar shawara mai shafi biyu a ta uku, sannan a sake ɗibar samfuri bayan shekara biyu a ga ko makin wannan siffar ya motsa.